Yadda Na Je Duwala Neman Bindigar Baushe

Tun da na dawo daga Kamaru ban huta da tambaya ba. A gidan suna a tare ni, a gidan gaisuwa a tare ni, har a wajen niƙa. Dije, wai da gaske kin ga teku? Wai da gaske bindiga kika je saye? Na faɗa har bakina ya gaji, kuma kowa ya ɗauka sai ya ƙara nasa. Shi ya sa na zaunar da makwabciyata Malama Talatu, mai koyarwa a firamare, na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini magana. Ban yi boko ba, amma ban taɓa ba da labari an yi mini gyangyaɗi ba.

Waɗanda suka san Mubi ta da sun san maigidana, Baushe. Maharbi ne, ba na zomo da makwarwa ba, na giwa da ɓauna. Yana saurayi ya yi wa wani Bature jagora a dajin Faro, da Baturen zai koma ƙasarsu ya bar masa bindigarsa. Ba irin adakar da ake ɗurawa ta baki ba ce. Tana da wani ƙarfe a gefe mai dunƙulallen kai, Baushe yana ce masa sakata. Sai ya ɗaga shi, ya ja baya, ya tura harsashi mai kaurin ɗan yatsan ƙato, ya rufe. Bakinta kuwa babban yatsa yana shiga. Katakonta ya taɓa tsagewa, ya naɗe shi da ɗanyar fatar kunnen giwa, ta bushe a kai kamar tare aka halicce su. Sunanta Kurma. Na zauna da ita ɗaki ɗaya tun ina amarya har na yi jikoki, ban taɓa ɗora mata hannu ba, don mace ba ta taɓa bindigar maharbi.

Maharba suna da al'ada. Idan mutum zai rabu da bindigarsa, sai ya wanke ta: ya zare sakatar, ya zuba ruwa ta baya, ya tara a sabuwar ƙwarya ta baki, ya yi wanka da shi, don abin da ya kashe ya sake shi. Iyakar abin da na sani ke nan, sauran ba a faɗa wa mata. To lokacin da aka hana harbin giwa, idon Baushe kuma ya fara hazo, ya koma masallaci gaba ɗaya. Ya sayar da Kurma ga wani Alhaji fataken goro mai zuwa Duwala, ya ce wankin bindiga maguzanci ne, ya tuba. Bai wanke ta ba.

Shekaru suka tafi lafiya. Sai bara, da tsakar rana, yana zaune a inuwar ɗaki, ya ce mini in daina daka, ina damun su. Na ce su wa? Ya ce giwayen. Suna tsaye a tsakar gida, ba sa motsi, ba sa kuka, shi kawai suke kallo. Tun daga ranar barci ya bar shi, abinci ya bar shi. An sha rubutu, an je asibiti. Tsoho ya zama ƙashi da fata, yana neman mutuwa tana ƙin zuwa. Ran nan ya kama zanina ya ce, "Dije, sayo mini Kurma in wanke ta. In ba haka ba, ko a kabari za su tsaya mini."

'Ya'yanmu maza suka ce tsufa ne. Na ce to, ku zauna da hankalinku. Na sayar da saniyata, na ɗaure kuɗin a lalita, na bar shi hannun surukata, na kama hanya.

A iyaka, bayan Sahuda, jandarma ya hau motarmu yana karɓar takardu. Da ya zo kaina na ce masa da Fillanci fuskata ce takardata, na girmi iyakar nan, da ƙafa nake ƙetare ta kafin a kafa sandar. Ya ce, to Mama, me za ki yi a Kamaru? Na ce bindigar giwa zan sayo. Ya yi dariya har hularsa ta zame, ya kira ɗan'uwansa ya ce in maimaita, na maimaita. Suka ba ni ƙosai, suka ce in gaishe da giwayen. Na ce za su ji.

Garuruwan Gidar da Garwa duk kamar gida ne, sai dai burodinsu dogo kamar muciya, kuma mai shayi ba ya tambaya, madara zai tsiyaya maka har ta fi ruwan yawa. A Garwa na fara jin ana cewa kada in je kudu, gari ya mutu. Na ɗauka annoba ce. Ashe mutanen ƙasar ne suka yi fushi da hukuma, suka ce daga Litinin zuwa Juma'a ba kasuwa, ba ofis, ba mota, sai Asabar da Lahadi a fito a nemi abinci. Na ce ni dai ba wajen hukuma zan je ba.

A Ngaundare na shiga jirgin ƙasa, karo na farko a rayuwata. Wadda ta zauna kusa da ni wata ƙatuwar mata ce 'yar kudu, ba ta jin Hausa, ba na jin nata, amma ba mu yi shiru ba. Ta miƙo mini wani abu dogo naɗe da ganye da zare, na gatsa shi da ganyen duka. Sai da ta share hawayen dariya sannan ta warware mini. Bobolo suke ce masa, rogo ne da aka jiƙa har ya yi tsami, yana da danƙo kamar ƙaro. Na ci don kunya. Da gari ya waye, daji ya rufe mu ta ko'ina, itatuwan da ba ka ganin ƙarshensu. A wata tasha aka ɗago mana naman banda ta taga a kan faranti. Ni matar maharbi ce, ba naman da ban feɗe ba. Amma wannan biri ne, an bar masa hannayensa, yatsun a buɗe kamar jariri yana neman a ɗauke shi. Matar ta saya, ta ajiye shi tsakanina da ita har Yawunde.

Daga Yawunde muka sami wata mota da ta yarda ta yi kasada. Da muka kusa Duwala, a wani wuri da suke kira Peka Katos, wai sunan dutsen mil ne ya zama sunan unguwa, direba ya kashe mota ya ce nan ya tsaya, in ya shiga gari za a ƙone masa ita. Sai masu babur suka taso, bensikin suke ce musu. Na hau, na zauna gefe ɗaya irin na mutunci, a kwana ta farko na tsinci kaina a kwata, ƙullin kayana a kaina. Na tashi na hau irin ta maza. Wanda ya ga dama ya faɗa a Mubi.

To a nan ne na gane abin da ake nufi da gari ya mutu. Kun san azahar a gari, hayaniya, masu talla, hayaƙin abinci. Duwala gari ne da ya ninka Yola ban san sau nawa ba, ga benaye, ga tituna masu faɗi, amma ba kowa. Shaguna a kulle, tagogi a rufe. A kowace mararraba an ƙone taya, sai zoben waya ya rage a kan baƙin toka. Ruwa yana sauka siriri ba iska. Na ga akuya ɗaya tsaye a tsakiyar titi, ba ta kauce mana ba, mu muka kauce mata. Ina jin idanu ta cikin ramukan katako, amma ban ga fuska ba. Mai babur da kansa ya rage murya, kamar muna wuce maƙabarta.

A Nubel, unguwar Hausawa, na sauka gidan Musa, ɗan yayana marigayi. A can aka haife shi, ya yi karatun Faransanci, yana aikin akawu a wani kamfanin jiragen ruwa kafin kamfanin ya rufe. Kullum da safe sai ya yi wanka, ya sa riga mai wuya, ya ɗaura igiyar wuyan nan tasu, ya ɗauki jaka, ya zauna a kujera bakin ƙofa har la'asar, sannan ya tuɓe. Matarsa ta ce kada in yi masa magana a kai. Hausarsu kuwa sai ka kasa kunne. Rabi namu, rabi na Faransa, in suka yi fushi su koma Faransancin gaba ɗaya. Gidajen na katako ne, ruwa yana gudu a ƙarƙashinsu, tabarma ba ta bushewa, gishiri yana narkewa a kwano. Miyarsu ndole, ganye mai ɗaci da gyaɗa, a ci da dafaffiyar agada. Ba laifi, amma tuwo sai an roƙa. Abin da ya fi tsaya mini shi ne jana'izar da aka yi a layinmu. Suka dawo ƙafafu duk laka, aka ce sai da aka kwashe ruwa daga kabarin da bokiti kafin a sa mamacin. Na ce Allah ka mai da ni gida in mutu a busasshiyar ƙasa.

Da na gaya wa Musa abin da ya kawo ni, ya tashi ya rufe ƙofa. Ya ce, "Goggo, kin san sojoji suna bin gida gida neman makamai? Kalmar nan kaɗai tana iya sa a tafi da ni." Na ce ubanka da ni ciki ɗaya muka fito, ko ka raka ni ko in tafi ni kaɗai ina tambayar duk wanda na gani. Ya san zan yi. Ya raka ni.

Alhajin goro ya daɗe da rasuwa. Muka je wajen dattawan da ke zama a rumfar masallaci, aka gaisa, aka tambayi mutanen Mubi, aka yi raha. Da na ce bindiga, sai kowa ya koma kallon carbinsa. Ɗaya ya tuna yana da alwalar da zai sabunta. Wani ya ce mini a hankali, Hajiya, ko dai hukuma ce ta aiko ki? Na ce hukumar da za ta aiko tsohuwa da laka a zani ai ta gama lalacewa. Wannan ya ba shi dariya, kuma shi ne ya biyo mu lungu ya ce mu nemi wani maƙeri a Nailon.

Nailon fadama ce aka cika da shara aka yi gidaje a kai, kana tafiya a kan katako ƙasa tana numfashi. Maƙerin Bakanuri ne mai ido ɗaya. Sai da ya tabbata da gaske saye zan yi, sannan ya ɗaga katakon ƙasan ɗakinsa. Mutane da yawa sun kawo masa bindigoginsu, wasu don tsoro, wasu don yunwa. Ya fito da mai baki biyu, na ce ba ita ba. Ya fito da wata mai sakata, kyakkyawa, tana sheƙi, ya ce ta wani likita ce. Na duƙa na leƙa bakinta, hannuna a baya, na ce wannan ko ƙaramin yatsa ba ya shiga, ta harbin gada ce. Ya ce ai duk bindiga bindiga ce, tsoho makaho ba zai gane ba. Na ce shi ba zai gane ba, su za su gane. Bai tambaye ni su wa ba. Na kwatanta masa fatar kunnen giwa. Ya mayar da katakon a hankali, ya zauna a kai. Ya ce ya san ta, shi ya taɓa gyara mata kunama. Tana hannun Garba, mai gadin wani filin katako bayan Yupwe. Ya ce kada mu ce shi ya turo mu, kuma kada mu dawo.

Ranar Asabar muka je, gari ya farka kamar ba shi ba. A Yupwe na ga ruwan da kuke tambaya. Ba shuɗi ba ne, ruwan ƙasa ne, ga kwale-kwale, ga kifi wani ya fi ni tsawo. Musa ya tambayi wata mai kifi filin katakon. Ta daina kankare kifin, ta yi masa wata doguwar magana da Turancinsu na kasuwa, tana nuna wuyanta da ƙirjinta. Na ce me ta ce? Ya ce kwatance ne.

Filin shiru, gumagumai jibge, kowanne ya fi ɗakina kauri, ciyawa ta fara cin su. Garba ya fito daga wata bukkar kwano. Dattijo ne, Bahaushen can. Ina ganin idonsa na gane shi, don irin idon da na bari a gida ne, ja, a bushe, yana kallon bayan kafaɗata maimakon fuskata. Na gaya masa ko ni wace ce. Ya shiga ya jawo wani buhu daga ƙarƙashin gado ya warware.

Ita ce. Fatar ta yi baƙi, ƙarfen ya yi tsatsa, an toshe bakin da tsumma, amma ita ce. Sai da na gaishe ta.

Na kai hannu lalita, ya ce in bar kuɗina. "Ɗauke ta, Inna. Kyauta. Yanzu ma." Na zo da shirin ciniki na kwana da kwanaki, ga mutum yana tura mini ita da ƙafa. Musa ya ce ba inda za ta je. Daga nan zuwa Nubel kaɗai shingen soja nawa muka wuce, balle jirgi, balle iyaka? Za a kama mu kafin mu kai titi. Na san gaskiya ya faɗa. Na zauna a kan gungume, na yi tafiyar nan duka, ga ta a gabana, ga tsoho can yana jira.

Garba ne ya ce, ai Baushe ba ƙarfen yake so ba, ruwan yake so, kuma ba sojan da zai kama tsohuwa da gorar ruwa. Na ce ashe ka san al'adar. Ya ce kakansa maharbi ne. Na ce to bismilla, zuba. Ya ce hannunsa yana rawa, shi zai riƙe ta ta baya ya tsiyaya, ni in tara ta gaba. Ya zare sakatar, ƙarar nan da na sani ta cika bukkar. Ya ɗaga gindin sama, ya zuba ruwa daga buta. Na riƙe ƙwarya, ba abin da ya fito, tsumman ya toshe. Ya ce in cire. Na sa yatsu na ja. Ruwan ya fito gaba ɗaya, ja, da ɗumi kamar an ɗora shi a wuta, ya wanke mini hannu har gwiwa, ko ɗigo bai shiga ƙwarya ba. Ya sake zubawa, na biyun ya fito sanyi, na tara, na juye a gora.

Da na ɗago zan yi masa godiya, Garba ya jingina da bango, bakinsa a buɗe, yana barci. Da rana tsaka, da baƙi a ɗakinsa. Musa ya taɓa shi bai motsa ba. Muka bar shi yana minshari.

Sai a tashar jirgi Musa ya gaya mini abin da mai kifi ta ce. Farkon rufe gari, wani kafinta mai iyali ya haura katangar filin don ya ɗebi katako ya sayar, gidansa ba abinci. Garba ya harbe shi da Kurma. Bindigar giwa, a kan mutum. Wai a zani aka tattara shi. Na ce Allah ya jiƙansa, wannan tsakaninsu ne, ni na sami abin da na zo nema.

Dawowa ba labari. Gora a cinyata, ba wanda ya ko kalle ta.

Na tarar da Baushe da rai, da ƙyar. Na ce Kurma ba ta iya zuwa ba, amma ga ruwanta. Ya buɗe gorar ya shinshina, ya daɗe. Ya ce nata ne. Sannan ya ce wannan na biyu ne, ina na farko? Na gaya masa yadda aka yi, da tsumman, da kafintan. Ya laluba ya kamo hannuna na dama, ya juya shi, ya shafa har gwiwa.

"Wa ya ce ki tsaya a bakinta?"

"Mai gadin."

"Ruwan farko na wanda ya yi harbin ƙarshe ne, Dije. Shi ake bari ya tara da hannunsa. Ya sani."

Tunda nake da shi ban taɓa ganin hawayensa ba sai ran nan. Ya ce ba zai yi wankan ba, tunda abin da ya jawo mini ke nan. Na ce wallahi za ka yi, ban faɗa kwatar Duwala a banza ba. Na ɗora shi a kan kujera na yi masa da kaina. Kafin in gama goge masa baya ya ce sun juya, suna fita ta ƙofar zaure ɗaya bayan ɗaya. Ya nemi kunu, ya sha, ya kwanta. Ya yi 'yan makonni yana ci yana barci yana tsokanar jikoki, sannan wata Juma'a da hantsi ya cika, kamar wanda aka kira ya amsa. An sa shi a busasshiyar ƙasa.

Nawa baƙon ya iso ina cikin takaba. Da azahar yake zuwa. Mutum ne matsakaici, da fensir a bayan kunne, rigarsa jiƙe sharkaf ko da rana tana ƙuna. Ba ya magana, in ma ya yi ba jin yarensa zan yi ba. Ranar farko, don firgita, na zubar da tsakin hatsin da ke hannuna. Rana ta biyu na ce masa, bawan Allah, ba ni na harbe ka ba, amma ka zo gidan da ba a barin baƙo a tsaye, na tura masa kujera. Ina yi masa sadaka ranar Juma'a, na kuma aika wa Musa kuɗin saniyar ya nemi matar kafintan da 'ya'yansa ya ba su. Ban sani ba ko zai tafi. Barcina ya ragu, amma ni dama ba mai yawan barci ba ce, kuma in aka ce in sake tsayawa a bakin Kurma don tsohon nan ya mutu da sauƙi, zan tsaya.

Saboda haka ku masu zuwa jin labari, ƙofa a buɗe take, ku zo. Amma in azahar ta same ku a gidana, ku zauna a tabarma. Kujerar da ke gindin turmi da mai ita.